Cikin Matafiyi da Abincin Baƙuwar Ƙasa

Garin Kongolam, wanda mutanen wurin suka fi kira Kwangwalam, yana cikin Ƙaramar Hukumar Mai'aduwa ta ƙasar Daura, a daidai bakin iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar. Ta nan hanyar mota ta fito daga Daura ta bi ta Matamaye ta nufi Damagaram. Wanda ya ƙetare shingen kwastan a wannan wuri zai ga tuta ta canja, kakin jami'ai ya canja, kuɗin aljihunsa kuma sai ya mai da su Sefa. A takarda dai ya zama baƙo a wata ƙasa. Amma idan rana ta take ya nemi abin da zai sa a bakinsa, fura da nono za a dama masa, da dare kuma a ajiye masa tuwon gero da miyar kuka. Cikinsa bai san ya bar gida ba.

Dalili kuwa a fili yake. Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata wannan iyaka cikin yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, sa'an nan suka bi ta da awo tsakanin 1906 da 1908. Ruwan sama bai san da wannan layi ba, ƙasar jigawa ma haka, saboda haka gero da dawa da wake su ne abincin hagu da dama. Ciki yana da tasa iyakar dabam, watau inda gero ya ƙare wani abinci ya soma. Ɗalibin da ya tashi daga Daura zuwa Alƙahira ko Indiya ko Ingila, da alhajin da ya sauka Jidda, da saurayin da ya bi ta Agadas ya shiga Libiya neman kuɗi, su ne suke ƙetare wannan iyaka ta biyu. Kusan dukkansu kuwa kuka ɗaya suke yi a makonnin farko: abinci ba ya shiga, wanda ya shiga ba ya zama, ga kumburin ciki, ga rama. A gida akan ɗauki wannan a matsayin tsirfa ko kewar tuwon uwa. Ilmin halittu ya nuna cewa akwai abin da ya fi haka.

Hanyar gabas da hanyar kudu

Hausawa sun daɗe suna gwada wannan al'amari a jikinsu, kuma tafiye-tafiyensu guda biyu sun isa misali. Ta farko ita ce hanyar hajji ta ƙasa, wadda ta ratsa Barno da Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi cikin 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Da aka buɗe aikin noman auduga na Jazira a 1925, dubban mahajjata suka riƙa tsayawa ƙwadago a can, da yawa kuma suka zauna ke nan. Tafiya ce ta dubban kilomita, amma kusan duk cikin ɗamara ɗaya ta gero da dawa aka yi ta. Abin da Sudaniyawa ke kira asida ɗan'uwan tuwo ne, miyarsu ta garin busasshiyar kuɓewa kuwa ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Sabon abu shi ne kisra, wata siririyar waina ta ƙullun dawa mai tsami, da kuma ful da ake karya kumallo da shi. Baƙin ma sun bar nasu tambarin, domin tsiren da ake sayarwa a biranen Sudan da sunan agashe daga hannun Hausawa ya fito.

Ta biyu ita ce hanyar fataken goro zuwa Gwanja. Wannan ba ta kai ta farko tsawo ba, amma ta fi ta wuya ga ciki, domin ta fita daga ƙasar hatsi ta shiga ta doya da rogo da ayaba da manja. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 fatake sun watsu zuwa Kumasi da Ankara da sauran garuruwa, kuma abin da suka yi a zangunansu abin lura ne. Ba su jira ciki ya saba ba, sai suka kafa tukunyarsu. Yau a Gana ana karya kumallo da koko da ƙosai da sunansu na Hausa, ana cin tuwon zafi, shinkafa da waken da ake dafawa da karan dafi kuwa sunanta wakye, watau wake. A nan baƙo ne ya koya wa mai gida ci.

Matafiyin yau ba shi da sa'ar waɗannan. Su sun yi watanni, wani lokaci shekaru, suna matsawa zango bayan zango, jikinsu yana sabawa sannu a hankali. Shi kuwa jirgi ne ke ɗaukarsa da safe ya ajiye shi da yamma a gaban abincin da bai taɓa jin ƙanshinsa ba.

Harshe da hanci

Wurin da rikici ke somawa shi ne baki. Harshe iri biyar kawai yake rarrabewa: zaƙi, tsami, ɗaci, gishiri, da wani ɗanɗano na biyar irin na romo, wanda masanin Japan Kikunae Ikeda ya gano a 1908 cewa sinadarin gulutamet ne ke kawo shi. Sauran abin da mutum ke kira daɗin abinci aikin hanci ne, wanda ke da na'urorin kama ƙanshi kusan iri 400. Shi ya sa mai mura ke cewa miya ta yi lami. Hanci kuwa tun daga ciki yake karatu. A 2001 Julie Mennella da abokan aikinta a Filadelfiya ta Amurka sun nuna cewa jariran da uwayensu suka sha ruwan karas lokacin goyon ciki ko shayarwa sun fi karɓar kunu mai karas idan an zo ba su abinci. Ke nan ɗan Kongolam ya san daddawa tun kafin a raɗa masa suna.

Gudun baƙon abinci ɗabi'a ce da ɗan Adam ya yi tarayya da ɓera da sauran dabbobi masu cin komai a cikinta, kuma kariya ce daga guba. Maganinta maimaitawa. Gwaje-gwajen da aka yi da yara sun nuna cewa sau da yawa sai an ɗanɗana sabon abu sau goma ko fiye kafin a karɓe shi. Wanda ya ɗanɗana cukun Turawa sau ɗaya ya yi rantsuwa ya yi gaggawa, kamar yadda Baturen da ya toshe hanci a rumfar mai daddawa ya yi gaggawa. Abin dariyar ma shi ne, bakteriyar da ke ruɓar da kalwa ta zama daddawa, mai suna Bacillus subtilis, ita ce dai ke ruɓar da waken suya ya zama natto, abincin da mutanen Japan ke ji da shi.

Madarar da ta ƙi zama

Daga baki sai ƙaramin hanji, inda sinadaran narkar da abinci, watau enzayim, ke aiki. Ɗaya daga cikinsu, laktes, shi ke farfasa sukarin madara. Kowane jariri yana da shi, amma a jikin kusan kashi biyu cikin uku na mutanen duniya yana raguwa ƙwarai bayan yaye. Waɗanda suka riƙe shi har girma galibi jikokin makiyaya ne. Binciken da Norman Kretchmer da abokansa suka buga a 1971 a kan ƙabilun Nijeriya ya nuna cewa mafi yawan Fulanin daji suna narkar da wannan sukari, alhali kusan dukkan Yarabawan da aka gwada ba sa iyawa.

Mai karatu zai ce, to ai a ƙasar Daura kowa yana shan nono lafiya lau. Gaskiya ne, amma nono ba madara ba ne. Kafin ya kwana ya yi tsami, bakteriya sun riga sun cinye wani kaso na sukarin, kuma suna shiga ciki da nasu enzayim ɗin su taya aikin. Sa'an nan ana haɗa shi da fura, wadda ke rage masa saurin wucewa. Idan mutumin nan ya isa ƙasar da ake karya kumallo da babban kofin ɗanyar madara mai sanyi, sukarin da bai narke ba sai ya gangara babban hanji, ya jawo ruwa, bakteriya su far masa su cika ciki da iska. Sakamakon shi ne ƙugi da kumburi da zawo bayan awa ɗaya ko biyu. Wannan ba cuta ba ce, kuma yawan sha ba ya dawo da laktes. Abin yi shi ne komawa ga yogot da cuku mai tauri, ko shan madarar kaɗan-kaɗan tare da abinci.

Jama'ar da ke cikin babban hanji

Babban sashen labarin yana can ƙasa. A ƙididdigar da aka sake yi a 2016, jikin babban mutum yana ɗauke da bakteriya kimanin tiriliyan 38, kusan duk a babban hanji, nauyinsu bai wuce giram 200 ba. Ba cima-zaune ba ne. Dusar hatsi da zare-zaren ganye da ɓawon wake, waɗanda masana abinci ke kira faiba, enzayim ɗin ɗan Adam ba ya iya narkar da su. Bakteriya ne ke yin wannan aiki, su fitar da wasu ƙananan sinadarai, musamman butiret, wanda shi ne babban abincin ƙwayoyin bangon hanji. Kowane irin ci yana da irin bakteriyar da yake kiwo, kamar yadda kowace fadama ke da irin ciyawarta.

A 2010 Carlotta De Filippo da abokanta na Jami'ar Fulorans suka kwatanta bayan-gidan yaran wani ƙauye mai suna Boulpon a Burkina Faso da na yaran birninsu a Italiya. Abincin yaran ƙauyen gero ne da dawa da wake da ganye, watau kusan abin da ɗan Kongolam ke ci. An sami hanjinsu cike da dangin Prevotella da Xylanibacter, gwanayen farfasa dusa, waɗanda ba a gani a yaran Italiya ba, kuma sinadaran nan masu ciyar da bangon hanji sun fi yawa a jikinsu.

To me ke faruwa da wannan jama'a idan mai ɗauke da ita ya yi ƙaura? Amsa mafi bayyana ta fito daga Jami'ar Minesota a 2018. Pajau Vangay da Dan Knights da abokansu sun binciki mutum 514 'yan ƙabilun Hmong da Karen, waɗansu a Tailan, waɗansu a Amurka, kuma suka bi sawun wasu 19 tun kafin su tashi har bayan sun sauka. Cikin watanni shida zuwa tara da isa, dangin Bacteroides da aka saba gani a hanjin Turawa sun soma ture Prevotella. Ire-iren bakteriyar sun ragu, enzayim ɗin narkar da faiba sun ragu tare da su, kuma asarar tana ƙaruwa da yawan shekarun zama. 'Ya'yan da aka haifa a can sun fi iyayensu asara, kuma ta fi tsanani ga masu ƙiba.

Canjin yana da sauri, kuma yana tafiya gaba da baya. A 2015 Stephen O'Keefe na Jami'ar Pittsburgh ya sa baƙaƙen Amurka 20 da mutanen karkarar Afirka ta Kudu 20 suka yi musayar abinci na mako biyu. Waɗanda suka koma cin masara da wake da ganye, butiret ɗin hanjinsu ya ninka fiye da sau biyu, alamomin haɗarin sankarar hanji kuma suka sauka. Waɗanda aka ɗora wa soyayyen nama da abinci mai maiƙo, nasu alamomin hawa suka yi.

A nan ne batun ya wuce kumburin makon farko ya zama na rai da lafiya. Wani babban bincike mai suna RODAM, wanda aka buga sakamakonsa a 2016, ya auna mutanen Gana a karkararsu da biranensu da kuma Amstadam da Balin da Landan. Ƙiba mai illa ba ta kai kashi 2 cikin 100 ba a mazan karkara, amma ta haura kashi 20 a mazan Landan. A mata kuwa ta tashi daga kimanin kashi 8 zuwa fiye da rabi. Ciwon sukari ma ya bi wannan sawu. Ba daidai ba ne a ɗora wa bakteriya laifin duka, domin wanda ya bar gona ya koma zaman kujera da lemon kwalba ya canja abubuwa da yawa a lokaci guda. Amma akwai abin lura a nan ga iyalan da ke gida. Idan ɗansu ya aiko hoto ya yi kumatu ya ajiye tumbi, akan yi hamdala a ce ƙasar ta karɓe shi. Likita zai so a auna jininsa tukuna. Wahalar makonnin farko, wadda kowa ke tsoro, takan wuce da kanta. Sabawar da ta biyo baya, lokacin da farin burodi da soyayyen dankali suka fara daɗi, ita ce ta fi bukatar tsaro.

Zawon matafiyi kuwa wani abu ne dabam, kada a haɗa shi da waɗannan. Galibi wani nau'in Escherichia coli mai fitar da dafi ne ke kawo shi ta gurɓataccen ruwa ko abinci, a mako na farko ko na biyu, kuma yakan tsaya cikin kwana uku zuwa biyar. Maganinsa na farko ruwan gishiri da sukari: ƙaramin cokali shida na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Haɗiyar kafso barkatai, kamar yadda alhazai da yawa ke yi, tana kashe bakteriyar kirki tare da mugu. Idan akwai jini ko zazzaɓi, asibiti ne wurin zuwa.

Tukunya a baƙon murhu

A gidan Bahaushe ba a cika barin yaro namiji a madafi ba, saboda haka ɗalibai da yawa sukan isa ƙasar waje ba su taɓa riƙe muciya ba. Su ne suka fi faɗawa hannun masu soye-soyen bakin titi. Uwar da ta koya wa ɗanta talge da tuƙi kafin ya tashi ta ba shi guzurin da ya fi buhun kilishi, balle ma kilishi da dambun nama da man shanu ba sa wuce filin jirgin Ingila ko na ƙasashen Tarayyar Turai, domin dokarsu ta hana matafiyi shiga da nama da kayan madara daga ƙasashe irin Nijeriya. Garin kuka da kuɓewa da yaji sun fi sauƙin wucewa, ko da yake kowace ƙasa da nata sharuɗɗan.

Yawancin kayan miyar gida suna nan a waje, suna kawai suka canja. Indiya ta fi kowace ƙasa noman gero, a can sunansa bajra, dawa kuma jowar, kuma garinsu yana samuwa a kantunan Indiyawa har a Turai, tare da tsamiya da kuɓewa. Mulukiyyar Misira lalo ce, karkade kuwa zoɓo ne. Inda babu gero akan tuƙa samolina, amma ita alkama ce, tana da sinadarin gulutin mai danƙo wanda gero ba shi da shi, an kuma cire mata dusa. Za ta cika ciki, ba za ta ciyar da Prevotella ba, sai an haɗa da wake da ganye masu yawa. Kanwa kuwa gishirin sodiyam ne mai kashe tsami, shi ya sa take sa wake ya nuna da wuri, bekin soda kuma yana yin aikinta. Sai dai a sa kaɗan, domin yawanta yana lalata bitamin B1. Wanda ke ganin duk wannan musanye-musanye ɓata abincin gargajiya ne, ya tuna cewa barkono da tumatir da gyaɗa da masara da rogo duk daga nahiyar Amurka suka zo bayan 1492, kuma tukunyar Hausa ta karɓe su har an manta baƙi ne.

Akwai abu ɗaya da ɗan Kongolam ke samu kyauta a gida wanda sai ya saya a ƙasashen sanyi, watau bitamin D. Fata ce ke yin sa da hasken rana, baƙar fata kuwa tana bukatar rana mai yawa kafin ta yi isasshe. A Ingila daga Oktoba zuwa Maris ranar ba ta da ƙarfin wannan aiki. Saboda haka hukumomin lafiyar ƙasar suka ba da shawara a 2016 cewa masu baƙar fata da masu rufe jiki su riƙa shan maikrogiram 10 a kullum, duk shekara. Ciwon ƙashi da kasalar da baƙo ke ɗora wa sanyi, sau da yawa daga nan suke.

Al'adun ci ma suna da nasu nauyin. Wanda ya tashi yana sa hannu a akushi ɗaya da 'yan'uwansa, ana yi wa duk mai wucewa bisimilla, zai tarar da inda kowa ke cin nasa shi kaɗai a tsaye, ba tayi. Kaɗaici kansa yana rage ci ga wasu, ya sa wasu ciye-ciye. Musulmi kuma dole ya koyi karanta bayan kwali, domin jelatin da ke cikin alewa da wasu yogot sau da yawa daga alade ake samunsa. Azumi a Kongolam bai cika wuce awa 14 ba ko a wane wata ya faɗo, amma a shekarun 2015 zuwa 2017, da ya faɗo cikin Yuni, masu azumi a Landan sun riƙa kai awa 18 ko fiye.

Ranar dawowa ma akwai sauran aiki. Garkuwar da jiki ya gina a kan ƙwayoyin cutar ruwan gida da na zazzaɓin cizon sauro ba ta dawwama, tana raguwa idan an daɗe ba a haɗu da su ba. Saboda haka wanda ya yi shekara biyar a waje ya dawo, ya zarce kasuwar Mai'aduwa ya sa aka dama masa furar da ya yi ta mafarki, yana iya kwana yana zarya bayan gida, alhali ƙanensa da suka sha ƙwarya ɗaya yana barci. 'Yan'uwa za su yi masa dariya su ce ya zama Bature. A makonnin farko ya kamata a tafasa masa ruwan sha da na damun fura, ya kwana cikin gidan sauro, kuma ya ga likita a kan maganin riga-kafin zazzaɓi tun kafin ya hau jirgi.